Kundin aiki: rarrabe labari da siddabarun hoto na fim ɗin Interstellar

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka tsayar da shawara a kan fim ɗin da za mu gina darussan horar da matasa masu sha'awar shirya fim a kansa, kuma Interstellar na darakta Christopher Nolan, wanda ya fito a watan Nuwamban 2014, shi ya yi rinjaye. Mu uku ne a kan aikin: ni da nake rubuta darussan, da abokin aikina mai ɗaukar hoto, da wani ɗalibinmu da hannunsa ya faɗa a kwamfuta. Tsarin da muka amince da shi shi ne mu ɗauki kowane siddabarun hoto da ke cikin fim ɗin mu yi masa tambayoyi biyu, wato wane ɓangare na labari yake ɗauke da shi, da kuma yadda aka yi shi, sannan mu gwada yin ƙaraminsa da kayan da hannunmu ya kai gare su.

Dalilin zaɓin a fili yake. Yawancin matasan da suke zuwa wurinmu sun ɗauka cewa fim ɗin ƙagaggen kimiyya daga koren kyalle yake farawa, wato labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa sannan kwamfuta ta musanya shi da wani wuri, kuma suna da hujja, tun da matasan Kaduna da ake kira The Critics Company sun yi suna a 2019 da gajerun finafinan da suka ɗauka da waya da koren kyalle. Abin da suka yi abin yabo ne. Amma wannan fim, duk da an kashe masa dala miliyan 165, ya bi wata hanyar dabam, domin duk abin da zai yiwu a gina ko a shuka ko a haska a gaban kyamara, an yi shi a gaban kyamara, sai abin da ya gagara aka miƙa wa kwamfuta. Da wannan tsari ya ci kyautar Oscar ta siddabarun hoto a farkon 2015.

Asalin aikin daga furodusa Lynda Obst ne da masanin kimiyyar fiziks Kip Thorne na jami'ar Caltech, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017. Da farko Steven Spielberg ne zai ba da umarni, aka ɗauki Jonathan Nolan a 2007 ya rubuta labarin, sai a 2013 aikin ya koma hannun yayansa Christopher. Thorne ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada a saɓa wa dokar kimiyya da ta tabbata, kuma duk hasashen da za a yi ya samo tushe daga kimiyya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kammala rarraba labarin a kan katuna, kowace fitowa da katinta, tun daga minti na farko har zuwa na 169.

Duniya ta shiga halin yunwa saboda wata cutar amfanin gona da ta cinye alkama, ta zo ta cinye kuɓewa, ta bar mutane da masara kaɗai, ga kuma guguwar ƙura da ba ta ɗagawa. Cooper, tsohon matuƙin hukumar NASA da ya koma noma bayan rasuwar matarsa, yana zaune da surukinsa da 'ya'yansa biyu, Tom da Murph. Murph, yarinya 'yar shekara goma, ta dage cewa akwai wani abu a ɗakinta da yake tunkuɗo littattafai daga kanta. Wata rana ƙura ta shigo ta taga ta zuba a ƙasa layi-layi, Cooper ya karanta layukan a matsayin lambobin wani wuri, suka bi su har suka faɗa sansanin NASA na ɓoye. A can Farfesa Brand ya sanar da shi cewa shekara 48 da suka wuce wata ƙofar yanke ta bayyana kusa da duniyar Zuhal, tana fita zuwa wani gungun taurari mai nisa, kuma an riga an tura mutum goma sha biyu su duba duniyoyin da ke can. Shiri biyu ne a ƙasa: ko dai farfesan ya warware lissafin ƙarfin ja domin a kwashe mutanen duniya gaba ɗaya, ko kuma a kafa sabuwar al'umma da ƙwayoyin haihuwa 5,000 da kumbon Endurance zai ɗauka. Cooper ya amince ya tuƙa kumbon, ya tafi, ya bar wa Murph agogo, ita kuwa ta ƙi yi masa sallama.

Da na jera katunan a tabarma, abin da ya fito mini shi ne cewa ceton bil'adama rufi ne kawai, ƙashin bayan labarin shi ne shekarun da uba yake asara ba tare da 'yarsa ba. Duk wata shawara da matafiyan suka yanke, da lokaci ake biyan kuɗinta: shekara biyu kafin a isa Zuhal, shekara 23 a duniyar Miller, ta farko da suka sauka a kanta, shekara 51 a kewayen baƙin rami, wato wurin da ƙarfin ja ya yi tsananin da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Wanda ya taso a gidan ɗan ci-rani da ya tafi da alƙawarin dawowa kafin damina, aka wayi gari yaran da ya bari suna rarrafe sun yi aure, ba ya buƙatar a yi masa bayanin zafin wannan labari.

Akwai wuraren da ban gamsu da su ba, kuma zan faɗa wa ɗalibai hakan. Jawabin da Amelia Brand, 'yar farfesan kuma abokiyar tafiyar Cooper, ta yi a kan soyayya, inda take kafa hujja da ita domin a nufi duniyar Edmunds, masoyinta da ke cikin mutum goma sha biyun nan, ya faɗi da baki abin da hotuna suka riga suka nuna, sai ya rage masa ƙarfi. Kashin Dakta Mann kuwa, mutumin da ya ƙirƙiri bayanan ƙarya domin a zo a cece shi daga duniyar ƙanƙara, yana da ma'ana mai zurfi game da abin da kaɗaici yake yi wa jarumi, amma kokawar da suka yi da Cooper ta ɗan ja fim ɗin zuwa salon da ya saba wa sauran jikinsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Gwajin ƙura. Lokacin ya dace, domin hunturu ya kankama kuma hazo ya sauko.

A fim ɗin, gonar masara ta gaske ce. An shuka eka 500 a lardin Alberta na Kanada, aka ɗauki hoto a cikinta, aka ƙone wani sashe a gaban kyamara, daga baya ma aka sayar da amfanin da ya rage. Ƙurar ma ta gaske ce ta wata fuska, gari ne marar guba da aka yi da niƙaƙƙen kwali, ana hura shi da manyan fankoki a kan titi da kan 'yan wasa. Tsofaffin da ake gani suna ba da labari a farkon fim, yawancinsu mutanen da suka rayu ne a zamanin bala'in ƙura na shekarun 1930 a Amurka, an ɗauko hirarsu daga fim ɗin tarihi da Ken Burns ya yi a 2012, aka cusa jaruma Ellen Burstyn a cikinsu a matsayin Murph bayan ta tsufa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake ambatawa a hirar shi ne kifa faranti a kan tebur don kada ƙura ta cika shi kafin a zuba abinci. Wannan ɗan bayani ya fi kowace guguwa sa mai kallo ya yarda da duniyar fim ɗin.

Mu kuwa mun yi amfani da toka da aka tankaɗe da rariya, muka gauraya ta da lallausar ƙasa, kowa ya sa takunkumi, aka naɗe kyamara da leda aka bar idonta kaɗai. Da hasken ya fito daga bayan kyamara, ƙurar ba ta fito a hoto ba sam, sai dai ɗakin ya yi fari-fari kamar an ɗauka da datti a gilashi. Da muka juya muka sa taga a bayan ƙurar, rana tana ratsa ta tana nufo mu, sai kowace ƙwaya ta fito fili tana juyi a iska. Don layukan da suka zuba a ɗakin Murph, mun yanka kwali tsaga-tsaga, wasu tsagogin masu faɗi wasu sirara, muka riƙe shi sama da inda kyamara take gani, aka riƙa tankaɗe toka ta cikinsa. Layukan sun fito a kan siminti yadda ake so, sai dai iska kaɗan tana ɓata su, saboda haka dole a rufe ƙofa a daina motsi. Wannan gwaji zai zama darasi na farko, domin ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon nan ya tafi ne a kan duniyar Miller, inda awa ɗaya take daidai da shekara bakwai a duniyarmu. Idan aka mayar da shekara bakwai zuwa awoyi, za a samu kimanin 61,000, wato lokaci yana tafiya a can sau dubu sittin da ɗoriya a hankali fiye da nan. Tushen abin gaskiya ne, yana cikin nazarin Albert Einstein na 1915 cewa agogon da ke kusa da abu mai nauyi yana jinkiri a kan wanda ke nesa, kuma taurarin ɗan'adam na GPS sai an gyara musu bambancin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, in ba haka ba taswirar waya za ta riƙa kauce wa hanya. Abin da Nolan ya nema shi ne a kai wannan jinkiri maƙura, Thorne kuma ya yi lissafi ya gano cewa zai yiwu idan baƙin ramin, wanda aka sa wa suna Gargantua, ya kai nauyin rana miliyan 100, kuma yana juyawa da gudun da ya kusa taɓa iyakar abin da doka ta yarda.

An ɗauki fitowar a ƙasar Aisland, 'yan wasa suna tsaye cikin ruwan sanyi na gaske, an kuma kai cikakken kumbon Ranger, wanda matafiyan suke sauka da shi a kan duniyoyi, har can aka ajiye shi a ruwan. Igiyar ruwan da ta kai tsayin kusan mita 1,200 ita ce aikin kwamfuta, kamfanin Double Negative na Landan ya yi ta ƙarƙashin jagorancin Paul Franklin. Mutum-mutumin nan masu kama da ginshiƙan ƙarfe, TARS da CASE, a yawancin fitowa abin hannu ne mai nauyin kusan kilo 90, jarumi Bill Irwin yana bayansa yana tura shi yana magana, daga baya aka goge shi daga hoton. Sai inda CASE ya rikiɗe yana wulwulawa a kan ruwa ne kwamfuta ta karɓa.

Abin da nake so ɗalibai su lura da shi ya zo ne bayan igiyar. Cooper da Amelia sun koma Endurance suka tarar da Romilly, abokin tafiyarsu da suka bari a can, ya yi furfura, aka sanar da su cewa ya jira shekara 23 da wata 4 da kwana 8. Daga nan Cooper ya zauna gaban ƙaramin allo yana kallon saƙonnin da suka taru, ɗansa ya gama makaranta, ya yi aure, ya haihu, ya binne ɗa, ya binne kaka, har ya fid da rai ya daina aikowa, sannan Murph ta bayyana tana babbar mace a ranar da shekarunta suka kai na ubanta lokacin da ya tafi. Babu komai a fitowar sai fuskar Matthew McConaughey, jarumin da ya fito a matsayin Cooper, da hasken allo yana wasa a kanta. Duk kuɗin da aka kashe a kan igiya da baƙin rami, an kashe su ne domin mai kallo ya yarda da wannan zama na 'yan mintuna, kuma a ganina nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gwajin majigi. Maimakon a rataye koren kyalle a bayan tagogin kumbo, masu fim ɗin sun sa an shirya hotunan sararin samaniya tun kafin a fara ɗauka, aka riƙa haska su da manyan majigai a kan farin labule a wajen tagogin, ta yadda ɗan wasa yana ganin Zuhal ko ƙofar yanke da idonsa, hasken kuma yana sauka a fuskarsa da gilashin hularsa ba tare da an zana shi daga baya ba.

Mun yanka taga a jikin faffaɗan kwali da muka shafa wa fenti mai ruwan toka, muka rataye farin zanen gado a bayanta da tazarar taku uku, muka haska hoton Zuhal na gaske daga cikin waɗanda kumbon Cassini ya aiko. Matsaloli uku suka bayyana. Ta farko, layuka masu launi suka riƙa gangarowa a hoton, har sai da abokin aikina ya daidaita saurin ƙiftawar kyamara da na majigin, ya tsayar da ita a kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Ta biyu, duk hasken da muka kunna don fuskar ɗan wasa yana malala zuwa zanen, sai baƙin sararin samaniya ya koma toka-toka, wannan kuwa mun magance shi da tare fitilar da baƙin kwali ta gefen zanen. Ta ukun ba ta da magani a wurinmu: da zarar kyamara ta gusa gefe, ido yana gane cewa duniyar tana liƙe ne a bango kusa da taga, domin abu mai nisan gaske ba ya gusawa haka. Saboda haka a darasin za mu ce a kafe kyamara, ko a motsa ta kaɗan ƙwarai.

Duk da haka sakamakon ya faranta mini rai. Ɗalibin da ya zauna a matsayin matuƙi ya sa hular babur mai gilashi, sai ga zoben Zuhal ya kwanta a kan gilashin yana lanƙwashewa da lanƙwasarsa, idanunsa kuma suna bin abin da yake gani da gaske. Wanda yake kallon koren kyalle ba ya samun wannan kallon.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An haɗa kayan ƙaramin kumbo: gwangwanayen madara goma sha biyu, daidai da ɗakuna goma sha biyu da ke zoben Endurance, da bututun roba na ruwa, da tarkacen tsohuwar rediyo don ƙawata jiki, da farin fenti marar ƙyalli, da yadi huɗu na baƙin karan-miski. Ɗalibin zai harhaɗa shi a cikin makon nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kumbunan fim ɗin, a mafi yawan hotunan waje, ƙananan samfura ne da kamfanin New Deal Studios ya ƙera, ko da yake kalmar ƙanana ba ta cika dacewa da su ba, tun da samfurin Endurance, wanda yake kashi ɗaya cikin 15 na girman da ake nufi, faɗinsa ya kai mitoci da dama. An kuma ƙera wani sashensa a kashi ɗaya cikin 5 domin a fasa shi da gaske a fitowar da Mann ya yi ƙoƙarin haɗe kumbonsa da ƙarfi. Mai ɗaukar hoto Hoyte van Hoytema ya yawaita ɗaure kyamara a jikin kumbo, yadda hukumomin sararin samaniya suke yi a kumbunansu, shi ya sa hotunan suke kama da rahoton gaske.

Namu samfurin mun fitar da shi tsakar gida da hantsi, muka shimfiɗa karan-miskin a bayansa cikin inuwa, rana kaɗai ta zama fitila. A sararin samaniya babu iska ko gajimare da za su watsa haske, don haka gefen da rana ta buga fari ne tas, ɗayan kuma baƙi ƙirin, kuma da muka bari hasken bango ya dawo kan gefen inuwa, nan take abin ya koma gwangwani. Mun tsuke idon kyamara sosai domin gaba da bayan samfurin su fito daidai, saboda dushewar wani sashe ita ce take fara tona asirin ƙaramin abu. Da ɗalibin ya ga hoton sai ya ce, "Malam, to ina taurarin?" Na ce masa kyamarar da aka saita don farin ƙarfe a cikin rana ba za ta kama hasken taurari ba, shi ya sa hotunan da 'yan sama jannati suka ɗauko a kan wata sama take baƙa wuluk. Mun bar su a haka.

Juyawar zoben ma tana da dalili a labari, ita ce take ba matafiya nauyin tsayuwa. Mun yi lissafi cewa zoben da rabin faɗinsa ya kai mita 32 yana buƙatar juyi biyar da ɗan ɗori a minti don ya ba da nauyi irin na duniya. Bayan fashewar, ana ambata cewa kumbon yana juyi 68 a minti, kuma dole Cooper ya juya nasa kumbon daidai da haka kafin ya haɗe su. Mai kallo da aka saba masa da juyi mai natsuwa tun farkon tafiya, shi da kansa zai ji cewa wannan ya wuce hankali. Fashewar kuma an yanke ta cikin shiru, a tsakiyar maganar Mann, domin sauti ba ya tafiya inda babu iska, daga nan kiɗan Hans Zimmer, wanda aka ɗauka da babbar na'urar kiɗa mai bututun iska, wato organ, ta cocin Temple da ke Landan, ya karɓi ragamar fitowar. Mun gwada namu hoton da ƙarar fashewa, muka sake gwada shi babu ita, kuma mu ukun mun zaɓi na shirun.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Baƙin rami shi ne wurin da babu makawa sai kwamfuta, kuma shi ya fi cin lokacinmu.

Abin da ake gani a fim shi ne baƙar inuwa zagayayya, da faifan haske da ya ratsa ta gabanta, da wani zoben haske da ya lanƙwaso ta sama da ta ƙasa. Faifan guda ɗaya ne kuma shimfiɗaɗɗe. Abin da ya bayyana a sama da ƙasa bayan faifan ne, wanda ya kamata ramin ya tare, amma ƙarfin ja ya tanƙwara haskensa ya biyo ta saman ramin da ƙasansa ya iso ido. Thorne ya rubuta lissafin, Oliver James da Eugénie von Tunzelmann da abokan aikinsu a Double Negative suka gina sabuwar manhaja a kansa. Dabararsu ita ce bin dami-damin haske maimakon sili ɗaya ɗaya, domin kada taurarin baya su riƙa ƙyaftawa a babban allon IMAX idan kyamara tana tafiya. Wasu hotunan sun ɗauki har awa 100 kafin kwamfuta ta fitar da guda ɗaya, alhali fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, bayanan da aka tara kuma sun kai terabait 800. Aikin ya haifar da maƙalu biyu na kimiyya a 2015, ɗaya a kan baƙin ramin, ɗaya a kan ƙofar yanke, wadda aka nuna ta a matsayin dunƙulalliyar ƙwallo da ake hango wani sararin ta cikinta.

Ɗalibinmu ya rubuta ƙaramin shiri da harshen Python don rami marar juyawa, wanda lissafinsa ya fi sauƙi kuma Karl Schwarzschild ya warware shi tun 1916. Daga kowane ɗigo na hoton ana harba silin haske da baya, a bi shi taki-taki yana lanƙwashewa, har ya faɗa rami, ko ya bugi faifai, ko ya tsere. Hoton ƙarami ne, ɗigo 640 a faɗi da 360 a tsaye, kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai da aka tayar da janareta aka sake daga farko. Da ya fito, zoben sama da na ƙasa suna nan ba tare da kowa ya zana su ba, inuwar kuma ta fi bakin ramin faɗi da kusan ninki biyu da rabi, kamar yadda lissafi ya ce. Na daɗe ina karanta bayanin wannan abu, amma gani ya kori ji.

A nan ne kuma aka fi ganin inda labari ya rinjayi kimiyya. Gefen faifan da yake juyowa wajen mai kallo ya kamata ya fi haske nesa ba kusa ba, ɗayan gefen ya dushe. Haka ya fito a hoton da masanin Faransa Jean-Pierre Luminet ya lissafa ya ɗiga da tawada a 1979, haka kuma ya fito a hoton gaske na baƙin ramin M87 da aka bayyana ranar 10 ga Afrilu, 2019, inda gefe ɗaya na zoben ya fi haske. Masu fim ɗin sun san da wannan, sun ma gwada shi, amma Nolan da Franklin suka cire shi don kada mai kallo ya rikice, suka kuma rage gudun juyawar ramin a hoto zuwa kashi 60 cikin ɗari na iyaka, duk da cewa jinkirin lokacin duniyar Miller yana buƙatar fiye da haka sosai. Mun sa ɗalibin ya fitar da hoto na biyu mai wannan bambancin haske. Abokin aikina yana ganin na biyun ya fi kwarjini kuma da an bar shi. Ni ina ganin hukuncin darakta yana da hujja, domin ramin yana bayyana ne a lokacin da hankalin mai kallo yake kan rabuwar Cooper da Amelia, kuma siffar da ido zai gane cikin daƙiƙa biyu ita ake buƙata a wurin. Ba mu daidaita ba, saboda haka za mu nuna wa ɗalibai hotunan biyu su yi muhawara.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Saura fitowar ƙarshe, inda Cooper ya faɗa ramin ya tsinci kansa a bayan kantar littattafan Murph, ɗakin ya maimaitu ta kowace fuska, kowane ɗaki wani lokaci ne dabam na rayuwarta. A nan aka gane cewa shi ne yake tunkuɗo littattafan, shi ya zuba layukan ƙura, shi kuma ya aika bayanan da suka warware lissafin ta hanyar motsa tsinken daƙiƙa na agogon da ya bar mata. Wannan sashe hasashe ne tsantsa, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba. An gina babban ɓangarensa a zahiri, aka rataye jarumin da wayoyi a ciki, aka haska zaren haske a jikin ginin, kwamfuta ta ƙara masa zurfi. Muna da niyyar gwada ƙaraminsa da madubai biyu masu fuskantar juna da zaren saƙa masu launi, amma ba a samo madubin da girmansa ya isa ba tukuna.

Ga inda aiki ya tsaya. Darasin ƙura da na majigi an gama rubuta su, an kuma tace hotunansu. Na ƙaramin kumbo yana buƙatar a sake ɗaukar juyawar zoben, domin juyin hannu yana rawa, kuma za a ɗora shi a kan injin tsohuwar fanka da aka rage wa gudu. Na baƙin rami yana jiran a sauƙaƙe bayanin lissafinsa yadda wanda ya tsaya a sakandare zai iya bi. Azumi ya ƙarato, don haka za mu dakatar da ɗaukar hoto na rana mu koma rubutu da tacewa da dare, gwajin madubai kuma sai bayan sallah.